Kemis, Famasi, Asibiti ko Saƙon Ƙetare: Ina Ya Kamata a Riƙa Sayen Maganin Hawan Jini da Suga?

Duk gidan da ke da mai hawan jini ko mai ciwon suga ya san inda kuɗi ke zurarewa. Ganin likita sau ɗaya ne a wata biyu ko uku, magani kuwa kullum ne. A ce an rubuta wa dattijo amlodipine 10mg na hawan jini ƙwaya ɗaya da safe, da metformin 500mg na suga safe da yamma. Ƙwaya 90 ke nan a wata, 1,080 a shekara, kuma babu ranar dainawa. In aka ƙara insulin, sai batun sirinji da firiji ya shigo. Shi ya sa idan 'yan'uwa suka zauna shawarar maganin Baba, kowa da tasa: wannan ya ce mai kemis ɗin bakin layi yana ba da bashi, wancan ya ce a yi rajistar inshora, wani yana da aboki a Maraɗi, wata kuma ɗanta na karatu a Alƙahira, ta ce can magani kamar kyauta ne.

Kowannensu ya faɗi wani yanki na gaskiya. Bambancin waɗannan hanyoyi daga dokar kowace ƙasa ya taso: wa ke yanke farashi, wa aka yarje wa ya sayar, wa kuma ke biya a ƙarshe. Ga mai shan magani kullum, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne kada a yanke. Maganin hawan jini da ake sha sati uku a huta sati ɗaya, saboda saƙo bai iso ba ko asibiti sun ce babu, ya fi tsada komai araharsa, domin shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran jirgi ya sauka. Da wannan ma'auni za mu auna kowace hanya: rashin yankewa da farko, sannan sanin asalin maganin, farashi ya zo na uku.

Najeriya: an tsare ƙofa, an saki farashi

Hukumomi biyu ke riƙe da harkar. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magani rajista ta ba shi lambar da ake gani a jikin kwali. Majalisar PCN, da ke aiki yanzu da dokar 2022, ita ke ba kantuna da masu harhaɗa magunguna lasisi. Babu ɗayansu da ke yanke wa mai kanti farashi. Mai shigo da kaya ya ɗora ribarsa, babban dila ya ɗora tasa, ɗan sari ya ɗora, mai kanti ya rufe. Kuma da yake mafi yawan magunguna daga waje ake kawo su, waɗanda ake yi a gida ma sinadaransu daga Indiya da China suke zuwa, kowa a cikin jerin nan da farashin dalar yau yake lissafi ko da kayan nasa na bara ne, don ya san da dalar yau zai sake saro wasu.

An ga haka ƙarara daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira. Dalar da hukuma ke bayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina kasuwancinsa kai tsaye a ƙasar, kuma masu sayen magungunansa irin su Ventolin da Augmentin sun ji a jikinsu. A watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a umarnin cire harajin shigo da sinadarai da injinan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Wannan ya rage wa masana'antu nauyi, amma bai tilasta wa kowa sauke farashi a kan kanta ba.

Sakin farashin yana da amfani ɗaya da bai kamata a raina ba: in da kuɗi a hannu, da wuya a rasa magungunan yau da kullum. Amlodipine ɗaya za a same shi da sunaye barkatai, ɗan gida, ɗan Indiya, ɗan Turai, kuma tsakanin mafi araha da mafi tsada ana iya samun ninki da yawa. Wanda ya shiga famasi ya ambaci sunan kamfani, wannan za a miƙo masa. Wanda ya ambaci sunan sinadarin ya ce a nuna masa iri uku da farashinsu, shi ne ya ci moriyar tsarin. Sunan sinadari shi ne wanda ake rubutawa da ƙananan baƙi a ƙarƙashin babban suna, shi ne kuma ainihin maganin.

A bakin mutane duk kantin magani kemis ne, amma a doka iri biyu ne. Famasi yana ƙarƙashin kulawar mai digiri a harhaɗa magunguna, lasisinsa da na kantin a rataye a bango, ana sabunta su duk shekara, kuma shi aka yarje wa sayar da maganin da sai da takardar likita. Mai kemis kuwa lasisinsa na magungunan da aka lissafa masa ne kaɗai, irin su paracetamol, gishirin zawo, wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro, kuma a cikin kwalinsu na asali. Ba a yarje masa yin allura ko ƙarin ruwa ba, balle irin haɗin nan na "a haɗa mini na ɗari biyu". Magungunan hawan jini da suga ba sa cikin jerinsa. Kowa ya san ana sayarwa, kuma a ƙauyen da famasi mafi kusa ke da nisan kilomita 40 babu wanda zai ga laifin mai saye. Sai dai a san abin da aka ɗauka: mai kemis ba shi da damar saro waɗannan ta halastacciyar hanya, ke nan ba a san hannu nawa suka bi ba, ba a kuma san irin zafin ranar da suka sha ba.

Batun rana babba ne. Akasarin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali shagon kwano a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu yana wuce 40 ba tare da wata wahala ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumomi suka matsa wa 'yan maganin kasuwar Sabon Gari a farkon 2024 su koma cibiyar sari ta Dangwauro a kan titin Zariya, suka kuma rufe kasuwannin magani na Onitsha da Idumota da Aba na wani lokaci a watan Fabrairun 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Marar inganci ya fi jabu wahalar ganewa, don kwalinsa na gaske ne, lambarsa ta gaske ce, ƙarfinsa ne ya ragu.

Lambar NAFDAC ma ana buga ta ƙarya. Abin da ya fi amfani shi ne a shigar da ita a kundin Greenbook na hukumar ta waya, a ga ko sunan magani da ƙarfinsa da kamfanin da suka fito sun dace da na kwalin. Tambarin da ake kankarewa a tura lamba ta saƙon waya kuwa an fi sa shi a magungunan zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta, don haka rashinsa a kwalin metformin ba alamar jabu ba ne.

Kantin asibitin gwamnati da katin inshora

Kantunan magani na asibitocin gwamnati da yawa suna tafiya ne kan tsarin jari mai juyawa, wanda ya samo asali daga shirin Bamako na 1987. Ana zuba jari, a saro da yawa a farashin sari, a sayar da 'yar riba kaɗan, kuɗin ya koma a sake sarowa. A Kano hukumar DMCSA ce ke yi wa asibitocin jiha wannan sari, wasu jihohin ma suna da irinta. Idan tsarin na tafiya daidai, nan ne wuri mafi dacewa ga talaka, don farashin ya fi na waje sauƙi kuma an san hanyar da maganin ya biyo. Yana lalacewa ta hanya uku. Ko a ɗebi kuɗin magani a sayi man janareta, ko a ba marasa hali kyauta ba a mayar wa asusun ba, ko kuma naira ta faɗi tsakanin sayarwa da sake sari, a ce kuɗin katon 100 ya dawo bai fi na 60 ba. Sakamakon duk ɗaya ne: a rubuta O/S a gefen takardarka, wato babu, je ka saya a waje.

Inshora a takarda ta fi kowace hanya araha. Dokar NHIA ta 2022 ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ko da yake aiwatarwa na tafiyar hawainiya. Ma'aikacin da ke cikin shirin tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yake biya: maganin naira 20,000 ya ba da 2,000. Jihohi ma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. A nan akwai ƙayyade farashi, don hukuma na da jerin magunguna da abin da za ta biya a kan kowanne, kuma da sunan sinadari take lissafi. To, duk lokacin da kasuwa ta tsere wa jerin, asibitin da ya ba ka maganin asara zai yi, don haka sai "babu" ta yawaita ga masu kati alhali masu biyan kuɗi suna samu. Kafin a zaɓi asibitin da za a yi rajista, a je ɗakin maganinsa da takardar mara lafiya a tambaya ko suna ba masu inshora waɗannan ɗin a kai a kai, da na kwana nawa suke bayarwa a zuwa ɗaya. A kuma tuna akwai lokacin jira tsakanin rajista da fara cin moriya, kada a daina saye tun kati bai fara aiki ba.

Mazauna zango a Kumasi da Accra sun san irin wannan labari. Inshorar Ghana ta fara da dokar 2003, ana kuma tallafa mata da harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki, kason jama'ar ƙasar da ke cikinta kuma ya fi na Najeriya nesa ba kusa ba. Amma idan hukumar ta jinkirta biyan asibitoci, ko sidi ya faɗi, sai mai kati ya ji ana cewa ya yi ciko.

Nijar: farashi a tsaye, famasi a nesa

Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda ake ɗaukar famasi tamkar wani reshe na aikin lafiya. A Faransa sai mai harhaɗa magunguna ke mallakar famasi, har yawan famasin gari da yawan jama'a ake auna shi: na farko a kan mutum 2,500, kowane ƙari a kan 4,500. A Nijar ma ba kowa ke buɗe famasi ba, kuma hukuma ce ke tsayar da ribar da ɗan sari da mai famasi za su ɗora. Shi ya sa yawon neman araha daga wannan famasi zuwa wancan a Yamai ko Damagaram ba ya haifar da wani abin kirki, ba kuma a yin ciniki. Kaya na shigowa ta ofishin gwamnati na ONPPC, wanda ke nan tun 1962, da manyan 'yan sari irin su Laborex da Ubipharm. Akwai kuma tsarin famasin da ke gadi, inda ake karɓa-karɓa wajen buɗewa da dare da ranakun hutu.

Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka ga mai samun kuɗinsa da sefa farashin magani ba ya tsalle-tsalle irin na Najeriya. Ga mai naira kuwa lissafin juyawa yake: duk faɗuwar naira tsadar famasin Maraɗi ce a wurinsa. Ƙari a kan haka, magungunan kamfanonin Faransa kwali guda ake sayarwa, ba a ɓalle maka kati ɗaya. Masu sunan sinadari ne ke da sauƙi, kuma sai an tambaye su da bakin mutum, jenerik ake ce musu. (Baƙo ya kula da ƙirga: in aka ce masa dala ɗari, sefa 500 ake nufi, jika kuwa 1,000. In aka ce ya tafi likita, asibiti ake nufi.)

Raunin tsarin shi ne nisa. Famasi sun taru a Yamai da manyan birane, ƙananan garuruwa sai ƙananan rumbunan magani masu izini da ɗakunan maganin asibitocin karkara. Giɓin nan ne masu tallar magani a faranti da bayan keke suka cike, kuma da yawa daga kayansu ta kan iyaka suke shigowa, wato daga kasuwannin da mutumin Katsina ke gudu. Wanda ya tsallaka Jibiya don neman ingantaccen magani ya ƙare a hannun mai talla, wahalar mota kawai ya sha. Sannan ƙasar ba ta da teku. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023, famasi sun yi fama da ƙarancin kaya duk da farashinsu na nan a rubuce. Ga mazaunin Nijar, famasi mai lasisi da jenerik shi ne zaɓi, ba sai an yi dogon tunani ba. Ga mutumin Daura ko Illela, Nijar wurin neman abin da aka rasa ne a gida, bai kamata ta zama hanyar kowane wata ba.

Saƙo daga Masar, Saudiyya da Indiya

Waɗannan ukun duk gwamnati na sa hannu a farashi, duk kuma ana buga shi a jikin kwali, amma kowace da salonta.

Masar ta fi tsanantawa. Hukuma ke yanke farashin kowane magani, ko'ina ka je a ƙasar shi ne, kuma mafi yawan abin da ake sha a can ake yin sa, shi ya sa ɗalibanmu ke ganin kamar kyauta. Illar na fitowa ne duk lokacin da fam ya faɗi, kamar a Nuwambar 2016 da Maris ɗin 2024. Kuɗin sinadari ya ninka, farashin kwali yana nan inda yake, sai masana'antu su rage aiki har a amince musu da ƙari. A irin wannan lokaci magani yana da araha amma babu shi, kuma mai famasi ba zai ba baƙo kwali goma ba alhali maƙwabtansa na layi.

Saudiyya ta fi kwanciyar hankali, don riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75. Hukumar SFDA ke yanke farashi, ribar famasi kuma kasonta na raguwa yayin da magani ke ƙara tsada, don kada mai kanti ya riƙa tura wa mutane mai tsada. Ta fuskar inganci da ajiya, kwalin da aka saya a babban famasi a Makka ko Madina abin amincewa ne. Araha kuwa ba lallai ba, sau da yawa ɗan Indiyan da NAFDAC ta yi wa rajista a Kano ya fi shi sauƙi idan aka juya riyal zuwa naira. Tun 2018 kuma suka tsaurara hana sayar da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba takarda, da tarar da ta kai riyal 100,000, don haka alhaji kada ya ji haushi in an hana shi.

Indiya ta bi tsaka-tsaki, kuma a ganinmu tsarinta ne ya fi cancanta Najeriya ta yi nazari. Hukumar NPPA, ƙarƙashin dokar farashi ta 2013, ba ta taɓa kowane magani ba, sai waɗanda ke cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa, guda 384 a jerin 2022. Tana tattara farashin duk kamfanonin da ke da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasuwar wannan magani, ta fitar da matsakaici, ta ƙara kashi 16 na mai kanti, wannan ya zama rufin da ba a wucewa. Duk watan Afrilu ana daidaita shi da hauhawar farashin sari, abin da ke hana irin maƙalewar Masar. Sauran magunguna kuma ba a yarda a ƙara musu fiye da kashi 10 a shekara ba. Akwai kuma kantunan Jan Aushadhi, sama da 10,000, masu sayar da jenerik a farashi mai rahusa. Sai dai wannan rufi na cikin gidan Indiya ne, bai bi kayan da aka fitar ba. Kwalin da ka gani a kantin Najeriya da farashin rupi a jiki ba lambar NAFDAC, ta bayan fage ya shigo. Kuma masana'antun Indiya suna da yawa, na ƙwarai da na banza: mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022 an danganta ta da maganin tari na ruwa da aka yi a can.

Masu 'yan'uwa a Ingila su cire rai. Gaskiya ne a can fam 9.90 ake biya kan kowane magani komai tsadarsa, ɗan shekara 60 da mai shan maganin suga ma ba sa biya, a Scotland da Wales kuwa kyauta ne ga kowa. Amma likita mara lafiyarsa da ya yi rajista da shi yake rubuta wa, karɓa da sunan wani don a aiko gida zamba ce da kan iya jawo wa mutum matsala a takardun zamansa. Amurka kuwa ba wurin neman arahar sababbin magunguna ba ce. Sai da dokar 2022 aka tsayar wa tsofaffi masu inshorar gwamnati ta Medicare kuɗin insulin a kan dala 35 a wata.

Inda saƙo ke yin ɓarna

Kuskuren da ya fi haɗari na insulin ne. Akwai mai ƙarfin 100 a kowane mililita, akwai mai 40, wanda har yanzu ake sayarwa a Indiya, kuma kowanne da sirinjinsa: na 40 galibi jan murfi, na 100 ruwan lemo. Wanda ya zuƙi insulin mai 100 da sirinjin 40 har zuwa layin 10, abin da ya shiga jikinsa 25 ne, ninki biyu da rabi, suga na iya faɗuwa har ya suma. In aka yi akasin haka kuma maganin ya gaza. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da shi, ba a kuma sa shi a jakar da za ta shiga ƙarƙashin jirgi. Wanda aka buɗe yana kai kimanin sati huɗu a wuri mai sanyi-sanyi. Inda babu wuta, a sa shi a roba mai murfi a ajiye cikin 'yar tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Kwalbar da ta kwana uku a tasha tana jiran direba, a ƙaddara ta tashi aiki.

Sai bambancin ƙarfi. A ƙasashen Faransanci metformin 850mg ya yawaita, mu kuma mun saba da 500mg. Doliprane, wato paracetamol ɗinsu, akwai mai 1,000mg, wanda ya saba watsa Panadol biyu ya yi haka da shi ya sha giram 2 a tashi ɗaya, alhali iyakar babba a yini guda giram 4 ce. Haruffan da ke bin suna, XR ko SR ko MR, a Faransanci LP, suna nufin ƙwayar a hankali take narkewa, ba a daka ta, ba a taunawa, ba kuma daidai take da ta kullum ba. Gliclazide MR 30mg yana aikin gliclazide na kullum 80mg, wanda ya ga 30 ya ɗauka ya yi kaɗan ya ƙara, ya jawo wa kansa. Indiya da Masar kuma suna son haɗa magani biyu a ƙwaya ɗaya, kamar glimepiride da metformin, ko telmisartan da amlodipine. Mara lafiya ya sha sabuwar ya kuma ci gaba da tsohuwar, ya ninka ɗaya bai sani ba.

Akwai magungunan da ba a son yawan sauya musu kamfani ko da sinadarin ɗaya ne, don ɗan bambanci kaɗan na tasiri: na farfaɗiya irin su phenytoin da carbamazepine, da warfarin na tsinka jini, da levothyroxine na maƙoƙo. Waɗannan a tsaya kan iri ɗaya da ake samu a kusa. Akwai kuma waɗanda ba a ba kowa saƙonsu. Tramadol, codeine, diazepam, har da pregabalin da ake rubuta wa masu suga don zafin ƙafa, Saudiyya da Masar suna sa musu ido sosai, a gida ma NDLEA na jira. Wanda aka rubuta wa ya ɗauki nasa da kansa, a kwalinsa, da rahoton likita mai sunansa. Ko a magungunan da ba su da wannan matsala, na 'yan watanni na mutum ɗaya shi ne saƙo. Katon-katon fatauci ne, sai da izinin NAFDAC.

To, wanne za a ɗauka

Ma'aikaci ko ɗan fansho da ke da damar inshora ya yi ta, ya zaɓi asibiti da ido buɗe, sannan ya sayi na sati biyu da kuɗinsa a famasi ya ajiye don ranar O/S, yana juya shi kada wa'adinsa ya ƙare. Wanda ba shi da inshora kuma yana birni ya fara da kantin asibitin gwamnati, abin da babu ya nema a famasi ɗaya mai lasisi da zai riƙe ya zama nasa. Riƙe famasi ɗaya yana da riba: za su san magungunan mutum su hango karo tsakaninsu, su ajiye masa irin da ya saba, sayen na wata uku a tare kuma yakan sa a rage. Mutumin ƙauye ya fi dacewa ya haɗa sayen magani da ranar komawa asibiti, ya ɗauko na wata biyu ko uku daga birni, ya bar kemis don ciwon kai da gishirin zawo. Kafin a kashe ko sisi kuma a tambaya, don maganin tarin fuka da na HIV da rigakafin yara kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya da Nijar.

Saƙon ƙetare yana da ma'ana a wuri biyu: magani mai tsada sosai da ratar farashinsa ta kai a sha wahala, kamar wasu na daji ko na bayan dashen ƙoda, da kuma wanda aka rasa gaba ɗaya a gida. Ko a nan, a ba da saƙo tun da sauran na wata guda a hannu. Amlodipine da metformin ba su kai a jira jirgi ba.

In za a aika, a rubuta wa mai sayen sunan sinadari, ƙarfi, haruffan da ke bin sunan in akwai, da adadin ƙwaya, a ce kuma wa'adin ya zarce shekara guda. Ya turo hoton kwalin gaba da baya kafin ya biya, a nuna wa likita ko mai famasi. Duk lokacin da aka sauya iri, daga waje ko daga cikin gari, a riƙa auna jini ko suga ana rubutawa a takarda har sati biyu, a tafi da takardar da sabon kwalin ranar komawa asibiti.